Ƙashi yana ɗoruwa, rai ba ya ɗoruwa

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Arewa, idan damina ta sauka, tafkunan Dallol Mawuri sukan cika. A lokacin ne ruwa yake cin yara wurin wanka, tsawa kuma take faɗa wa mutum a gona. Wani kuwa yakan yanke jiki ya faɗi cikin kasuwa. Daga Matankari zuwa Gesheme, ƙauyuka da yawa suna nesa da babbar likitar Dogon Dutsi. Idan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6. Babu amalanken da zai kai mutum likita cikin wannan lokaci. Wanda yake tsaye kusa, shi ne mai ceto.

Ceton kuwa shi ne danna ƙirji. A shekara ta 1960 ne wasu masana uku na asibitin Johns Hopkins a Amurka suka bayyana wannan dabara. Hannu yana matsa zuciya tsakanin ƙashin ƙirji da ƙashin baya, sai jini ya ci gaba da zuwa ƙwaƙwalwa. Idan an fara nan take, damar rayuwar mutum tana iya ninkawa biyu ko uku.

Amma aikin yana da rauni, kuma bai kamata a ɓoye ba. Ga babban mutum, sai an danna ƙirji ya shiga santimeta 5 zuwa 6, wato faɗin yatsu uku, sau 100 zuwa 120 a minti guda. Ƙashi ba ya jure wannan kullum. Binciken likitoci ya nuna cewa wajen rabin manyan da aka danna wa ƙirji sukan samu karayar haƙarƙari. Wasu ƙashin tsakiyar ƙirji ne yake karyewa. Raunin huhu ko hanta ko saifa yana aukuwa, amma ba kasafai ba.

Wa ya fi samun rauni? Na farko, tsofaffi, domin ƙashinsu ya yi rauni, ƙirjinsu ya ƙage. Tsofaffin mata sun fi shiga wannan haɗari. Na biyu, wanda aka daɗe ana danna masa. Na uku, wanda aka danna ya zarce santimeta 6. Na huɗu, wanda aka aza wa hannu ba daidai ba. Hannun da ya sauka wajen ciki yana iya yi wa hanta lahani. Yara kuwa ƙashinsu yana da taushi, ba ya saurin karyewa.

Ra'ayina shi ne, tsoron karaya kada ya riƙe hannun kowa. Haƙarƙarin da ya karye yakan haɗe cikin mako 6 ko kusa da haka. Mutumin da zuciyarsa ta tsaya, aka tsaya kallonsa, ba shi da ko minti 10. Idan ka ji ƙas a ƙarƙashin hannunka, ka duba ko hannun yana tsakiyar ƙirji, ka ci gaba.

Wani zai ce: to, in na taɓa shi ya mutu, dangi ba za su ce ni na kashe shi ba? Wannan tsoro yana da dalili. Ko a ƙasashe masu manyan asibitoci, wajen mutum 1 cikin 10 ne yake rayuwa idan zuciya ta tsaya a gida ko a hanya. Saboda haka sau da yawa za a yi ƙoƙari, ajali ya riga. Ya kamata dangi su gane cewa wanda zuciyarsa ta tsaya ya riga ya kama hanyar lahira kafin a taɓa shi. Mai danna ƙirji ya yi ƙoƙarin maido shi ne. Hakkinsa godiya. Idan muka zarge shi yau, gobe ɗanmu zai faɗi, kowa ya naɗe hannu.

Ana iya rage raunin idan an bi ƙa'ida.

1. Ka kira mutumin, ka girgiza kafaɗarsa, ka duba ƙirjinsa. Idan yana numfashi daidai, kada ka danna. Ka kwantar da shi ta gefe. Mai farfaɗiya da wanda ya suma, yawanci zuciyarsu tana aiki.

2. Idan bai amsa ba, ba ya numfashi ko yana kakari jefi-jefi, ka tura wani ya kira majo. Ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ba kan katifa ba.

3. Ka aza gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a bisa. Ka miƙe gwiwar hannu. Bayan kowace dannawa, ka bar ƙirji ya taso. Idan akwai mataimaki, ku canji juna kowane minti 2.

4. Ga yaro, hannu ɗaya ya isa. Ga jariri, manyan yatsu biyu.

5. Wanda aka ciro daga ruwa, iska ya fi buƙata. A fara hura masa iska a baki sau 5, sannan dannawa 30, hurawa 2. Kada a taka cikinsa ko a matse shi don fitar da ruwa. Wannan yana jawo amai ya shiga huhu.

Idan Allah ya sa ya farfaɗo, a kai shi likita ko da ya ce ya ji sauƙi. Kada a kai shi wurin maɗori a ɗaure ƙirjin tamau. Ɗauri yana hana numfashi mai zurfi, sai ciwon huhu ya biyo baya.

Karatun jarida kaɗai ba ya koya wa hannu aiki. Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ta Nijar tana horar da masu ba da taimakon farko. Ina kira ga kwamitocin cibiyoyin yaƙi da jahilci na gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri su nemi majon likitarsu ko ƴan agaji, su zo su nuna wannan aiki kafin damina. A gwada a kan mutum-mutumi, kada a gwada a kan mai lafiya. Mata su shiga sahun gaba, domin su ne suka fi zama kusa da yara da tsofaffi. Maigari da liman kuma su faɗa a bainar jama'a cewa wanda ya yi ƙoƙarin ceto ba shi da laifi.

Allah ya kiyaye mu, ya ba mu damina mai albarka.