A TSARE ƘOFA, KADA A YANKE ZUMUNTA

Ya ku 'yan'uwa na Deule, Buza, Keita da Madawa,

Kowa ya sani iyakar nan da ke kudu da mu ba kakanninmu suka shata ta ba. Faransa da Ingila suka ja ta a 1906, ba su tambayi Bagobiri ko Ba'adare ba. Suka bar Tsibiri nan, Sabon Birni can, alhali kuwa gida ɗaya ne.

Nasara ya tafi tun 1960, amma ku dubi abin da masu mulki suka yi da gadonsa. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, 'yan cin raninmu suka kwaso, waɗansu sun baro mata da 'ya'ya. A 1984 Buhari ya rufe iyaka ana tsakiyar fari, har aka raɗa wa yunwar suna El-Buhari. Aka sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 saboda shinkafa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 CEDEAO ta sa aka kulle har Maris 2024.

Manya suka yi faɗa, wa ya sha wuya? Talaka! Uwa ta kasa zuwa wankan jegon ɗiyarta. Ɗa ya ji mutuwar ubansa, babu halin ta'aziyya. Mu masu koyarwa a lakwal mun ga yara sun daina zuwa aji don saƙon uba ya yanke.

Ba mu ce a bar ƙofa buɗe ga kowa ba. 'Yan bindiga suna ƙetarowa, tilas hukuma ta san mai shiga da mai fita. Amma ɓarawo ba ya bin shingen jandarma, daji yake ratsawa. Da suka kori mutanen Sabon Birni zuwa Bangi, ai dangi suka fara ba su masauki.

Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam ta 1981 ta haramta korar baƙi jumla, ta ɗora wa hukuma kiyaye iyali. Saboda haka muna neman abu biyu. Na ɗaya, a kawo takardar haihuwa da katin shaida har ƙauyuka. Na biyu, kome faɗan gwamnatoci, a bar mai zuwa jinya, biki ko jana'iza ya wuce da katinsa, ba sai ya ba da ko dala ba.

Kowane reshe ya karanta wannan ga jama'a ranar kasuwa. Zumunta a ƙafa take, kada mu yarda a ɗaure ƙafar!