'YAN SANDAN JIHA: KAFIN MU CE AMIN



A taron dattawa da muka yi kwanan baya, muna cikin maganar gyaran rufin majami'a sai wani dattijo ya ɗaga hannu, ya ce yana da roƙon addu'a: Allah ya sa a kafa 'yan sandan jiha da wuri. Kusan kowa ya ce amin. Ni ban ce ba, shi kuwa ya lura. Da aka tashi ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Pasto, ashe ba tare muka binne mutanen nan ba?" Na ce, "Baba, tare muka binne su." Na yi masa alkawari zan ba shi amsa a rubuce, domin abin da ke zuciyata ya fi ƙarfin maganar tsaye.

Dattijon nan yana da gaskiya a kan buƙatar. Ni da kaina na taɓa buga waya ofishin 'yan sanda da tsakar dare, ana jin harbi a ƙauyen da ke kusa da mu, aka ce mini babu mai a mota. Wani lokaci kuma aka ce suna jiran umarni daga sama. Kafin umarnin ya sauko gari ya waye, mun shiga haƙa kaburbura. Lissafin da aka riƙa bayarwa a 'yan shekarun nan ya nuna 'yan sandan Nijeriya duka ba su kai 400,000 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma da yawa cikinsu suna gadin manyan mutane ne. A cikin mako ɗaya na watan Nuwamba 2025 an sace 'yan mata 25 a makarantar Maga ta jihar Kebbi, an kai hari majami'a a Eruku ta jihar Kwara, aka kuma kwashe ɗalibai da malamai masu yawan gaske daga makarantar St. Mary da ke Papiri a jihar Neja. Ranar 26 ga watan Shugaba Bola Tinubu ya yi shelar dokar ta-ɓaci kan tsaro, ya kuma nemi Majalisar Tarayya ta duba doka domin jihar da ke bukatar 'yan sandanta ta iya kafawa. Tun a Fabrairu 2024 ma shi da gwamnoni sun zauna a kan wannan magana. Wanda ya ga abin da muka gani, ba za a zarge shi don ya ce amin ba.

Tsarin mulkin 1999, yadda aka rubuta shi, ya ce a sashe na 214 rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasa, ba za a kafa wata ba. Sashe na 215 ya ba gwamna dama ya ba kwamishinan 'yan sanda umarni, amma ya ba kwamishinan dama ya ce a kai maganar wurin Shugaban Ƙasa tukuna. Abin da gwamnoni suka daɗe suna kuka a kai ke nan, wai ana kiransu shugabannin tsaro na jiha alhali sandar tana Abuja. Gyaran irin wannan sashe kuwa sai da kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu, da amincewar majalisun dokoki na jihohi 24 cikin 36. Ku riƙe wannan a zuciya, gama zan komo kansa.

Abin da ya hana ni cewa amin, labarin mahaifina ne. Shi mai bishara ne, ya yi aiki a ƙauyuka tun kafin samun 'yancin kai, kuma har ya tsufa in ya ji an ce "ɗan doka" sai ya gyara zama. Matasanmu ba su san mun taɓa yin 'yan sandan gida a ƙasar nan ba. Kowace En'e tana da 'yan dokanta da gidan yarinta, ga kotun alkali a gefe. Ɗan doka ya san kowa, ya san gonar kowa, ya san hanyar da ɓarawo ke bi, kuma Baba bai taɓa musun cewa sata ta yi ƙaranci a lokacin ba. Amma in zaɓe ya matso, wannan sanin da ya yi wa kowa shi ne abin tsoro. Taron siyasa sai da izinin En'e. Wanda ba ya jam'iyyar masu mulki ba ya samun izini, in ya yi taro a kama shi, a kai shi gaban alkali, kafin la'asar yana gidan yari. Kada wani ya ce wannan labarin Kirista ne kaɗai. Waɗanda suka fi shan wuya talakawa Musulmi ne 'yan NEPU, mabiya Malam Aminu Kano, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da dama. A ƙasar Tibi magoya bayan UMBC ta Joseph Tarka sun sha irin wannan matsi, abin da ya taimaka wajen tarzomar 1960 da ta 1964.

Sa'ad da 'yancin kai ya matso, ƙananan ƙabilu na Arewa da na Kudu suka yi ta kuka a kan abin da zai same su a hannun gwamnatocin yankuna. A 1957 Turawa suka naɗa kwamiti a ƙarƙashin Sir Henry Willink domin ya saurari wannan tsoro, ya ba da rahotonsa a 1958. Bai yarda a ƙirƙiro sababbin jihohi ba, abin da ya ɓata wa iyayenmu rai ƙwarai. Amma ya ba da shawara a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki, a kuma ƙarfafa rundunar 'yan sanda ta tarayya wadda ba ta hannun firimiyan yanki shi kaɗai. Bayan juyin mulkin 1966 ne soja suka ɗauke 'yan dokan En'e suka haɗe su cikin rundunar tarayya. Ashe abin da muke kuka da shi yau, wato sandar da ke nesa, kakanninmu ne suka roƙa, domin sandar kusa ta dake su. Su ba wawaye ba ne, mu ma ba wawaye ba ne. Tsorona kada garin gudun gara mu faɗa gidan zago.

Wani zai ce wannan tsohon zance ne, gwamnonin yanzu zaɓaɓɓu ne. To, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Akwai hukuma guda da tsarin mulki ya riga ya bari a hannun jihohi, ita ce hukumar zaɓen ƙananan hukumomi. Mu duba abin da aka yi da ita a 2024. A Bauci PDP ta cinye kujerun ciyaman 20 duka. A Kaduna APC ta cinye 23 duka. A Kano NNPP ta cinye 44 duka. Jam'iyyu uku daban, hali ɗaya. Da gangan na kawo ukun, domin kada wani ya ce Pasto yana yi wa wata jam'iyya aiki. In haka aka yi da akwatin ƙuri'a, ina da dalilin tambayar abin da za a yi da bindiga da ankwa.

'Yan'uwanmu da ke zaune a jihohin da masu bi suka fi yawa sukan ce mini, "Ai mu gwamnanmu namu ne." Gwamna shekara 8 ne iyakarsa, doka kuwa tana nan bayansa. Ban da haka, a cikin jihar nan taku akwai Bahaushe mai shago da Bafulatani mai kiwo waɗanda ke jin tsoron 'yan sandan jiharku daidai yadda mu muke jin tsoron na tamu. In muka goyi bayan dokar da za ta bar su a hannun mai iko ba kariya, da bakinmu muka halatta abin da za a yi mana a nan. Ni ma'aunin da nake amfani da shi ke nan: in gwamnan da na fi tsoro ne ke riƙe da wannan doka, zan iya barci?

Ba ina wanke rundunar tarayya ba ne. Duniya ta ga abin da ya sa matasa suka fito a Oktoba 2020 har aka rushe SARS. A farkon Nuwamba 2024 kuma mun ga yaran da aka kama a Kano da Kaduna lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, an kawo su kotun tarayya a Abuja bayan kusan wata uku a tsare, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alkali. Sai da ƙasa ta yi ca aka ba da umarni a sake su. Yawancin yaran nan ba 'ya'yan ikkilisiya ba ne, kuma ina jin kunyar faɗi cewa a majami'u da yawa ba mu ko ambace su cikin addu'a ba.

Saboda haka maganata ga dattijon nan ita ce, ban ƙi 'yan sandan jiha ba, amma sai na ga abin da aka rubuta. Wa zai naɗa shugabansu, wa kuma zai iya cire shi? In gwamna shi kaɗai ne ke naɗawa da cirewa, to an komo da ɗan doka ne cikin sabon kaki. Ta yaya za a ɗauki ma'aikata? Sashe na 14(4) na tsarin mulki ya ce gwamnatin jiha da hukumominta su lura da bambancin mutanen da ke cikin jihar. Muna so a mai da wannan lissafi a rubuce, kowace ƙaramar hukuma da rabonta, a kuma buga sunaye kowa ya gani. A nan ne maganar takardar shaidar ɗan asali ke shigowa, wadda iyaye da yawa a cikinmu suka san zafinta. Yaro an haife shi a gari, an haifi ubansa a garin, amma ya je sakatariya a dubi sunansa a ce ya koma garinsu. In da wannan takarda za a ɗauki 'yan sanda, mun riga mun san waɗanda ba za su shiga ba.

Akwai kuma tambayar da mutane ke jin nauyin yi a fili, ni zan yi ta da ladabi. Jihohi da dama suna da rundunoninsu tun tuni: Hisba a Kano, Amotekun a jihohin Yarbawa tun 2020, Askarawa a Zamfara tun 2024, ga 'yan sa-kai iri-iri. Su za a sauya wa riga a ce sun zama 'yan sanda, ko kuwa sabon ɗauka za a yi da sabon horo? A jihohin da ke bin Shari'a, wace doka ɗan sandan jiha zai zartar a kan wanda ba Musulmi ba? Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, na 42 ya hana nuna bambanci. Ya kamata dokar kafa rundunar ta faɗi wannan ƙarara, domin kurtun da ke bakin shinge ba lauya ba ne, abin da aka koya masa zai yi. Maƙwabtanmu Musulmi masu son zaman lafiya ba su da abin da za su rasa in an rubuta shi.

Sai maganar albashi. Yohanna Mai Baftisma ya gargaɗi sojoji a Luka sura 3 kada su yi ƙwace, su gamsu da albashinsu. Ina ganin ya ɗauka ana biyan albashin ne. Mun san malaman firamare da 'yan fansho da suka yi watanni ba ko sisi. Malamin da ba a biya ba yakan koma gona, amma mai bindigar da ba a biya ba hanya zai tare. Haka kuma dole a san inda talaka zai kai ƙara in ɗan sandan jiha ya zalunce shi, wurin da ba gwamna ne ya cika shi da mutanensa ba. Ranar zaɓe kuwa, ra'ayina shi ne kada rundunar da ɗan takara ke biya ta matso kusa da rumfar zaɓe ko wurin tattara sakamako.

Na san akwai masu cewa mai bi ba ruwansa da irin wannan bincike, nasa biyayya da addu'a, suna kawo Romawa sura 13. Amma Bulus ɗin da ya rubuta wannan sura shi ne a Filibi ya ƙi fita daga kurkuku a ɓoye bayan an yi masa dūka ba shari'a, sai da mahukunta suka zo da kansu. A Urushalima kuma, an riga an ɗaure shi za a yi masa bulala, ya tuna wa jarumin soja cewa shi ɗan ƙasar Roma ne. Ya san dokar ƙasarsa, ya yi magana da ita cikin ladabi. Mu nawa ne muka san cewa sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, ko cewa Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a madadin ɗan'uwansa?

Yanzu in komo kan majalisun jihohi. Duk lokacin zaɓe hankalinmu yana kan kujerar Shugaban Ƙasa, wa ya ɗauki wa mataimaki, wane addini, wane yanki. Ƙuri'ar ɗan majalisar jiha kuwa mukan dangwala ta ne bisa alamar jam'iyya, ko bisa wanda ya kawo buhun siminti ranar godiya. Alhali gyaran tsarin mulki ba ya wucewa sai ta hannunsa, kuma ko bayan Abuja ta buɗe ƙofa, dokar da za ta kafa rundunar a jiharmu a gabansa za a karanta ta. Na tambayi dattawa goma sha ɗaya sunan wanda ke wakiltarmu a majalisar jiha, huɗu ne suka sani.

Ina roƙon kowace majalisar dattawa ta zauna ta rubuta tambayoyinta a kan wannan magana saboda zaɓen 2027, ta nemi wani lauya ko tsohon ɗan sanda cikin membobi ya taimaka. A gayyaci 'yan takarar majalisar jiha na kowace jam'iyya, a ɗakin taro ba a kan bagade ba, kuma in limamin unguwa da mai unguwa za su zo, a ba su kujerar gaba. A sa sakatare ya rubuta amsar kowa da kwanan wata, a ajiye cikin fayil ɗin ikkilisiya.

Dattijon da ya tare ni na karanta masa wannan kafin in aika. Ya ce har yanzu yana kan roƙonsa, gama shi gonarsa ce a bakin daji, ba tawa ba. Mun mayar da roƙon cikin jerin addu'o'in ranar Laraba, shi ne kuma zai shugabanci masu rubuta tambayoyin.