Filin Sanin Kalmomi: Daga Ɓawon Lemo Zuwa Armashi

Kalmar wannan mako gajeruwa ce, baƙaƙe huɗu kacal, amma ta sha kayar da masu fassara. Ita ce "zest". Turawan Ingila sun aro ta ne daga Faransanci a ƙarni na 17, kuma ma'anarta ta asali ita ce ɓawon lemo. Ba dukan ɓawon ake nufi ba, a'a, fatar nan ta waje mai launi, wadda in an matsa ta sai mai ya yi tsartuwa, ƙamshi ya bugi hanci. Farin da ke ƙarƙashinta ɗaci gare shi, shi ya sa masu girki kan kauce masa. Akan kankare fatar a barbaɗa a abinci, ya sami ɗanɗano mai farkar da harshe, kamar yadda tsamiya ke tayar da kunu.

Daga tukunya sai kalmar ta shiga zance. In Bature ya ce labari yana da "zest", yana nufin ba lami ba ne, yana jan hankali. In kuwa mutum ya siffanta da ita, to yana nufin mai karsashi, wanda kome ya sa gaba yakan yi shi da ɗoki. Masanin falsafa Bertrand Russell ya ware mata babi guda a littafinsa The Conquest of Happiness na 1930, inda ya kwatanta ta da marmarin mai jin yunwa gaban akushi.

To, a nan gizo ke saƙa. Mai fassara da ya ga ƙamus ya ambaci ɗanɗanon lemo, ya rubuta cewa taro ya yi tsami, ya juya maganar ke nan, domin a Hausa abin da ya yi tsami ya ɓaci. In ya ce mai jawabi ya ƙara gishiri, ya zarge shi da ƙari bisa gaskiya, alhali yabonsa aka yi. Yaji ma bai tsira ba, tun da matan aure da ma'aikata sun riga sun ba shi wani aiki.

Mafi dacewa, in ana batun labari, wasa ko biki, a ce armashi. In ana batun halin mutum, a ce karsashi. A wajen girki kuwa a bar shi a ɓawon lemonsa.