Kusurwar Zane: Mu Karanta Hoton Ɗan Maraya

In kun je kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ku tsaya ku dubi zanen da ke jikin manyan motoci da allunan shaguna. Shi ma zane karanta shi ake yi. Bari mu ɗauka an ba ku zanen Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015.

Ku fara da abin da ke hannunsa. Kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi, kuma da gwangwanin kifi ake yin sa, a rufe da fata. In mai zane ya fito da shi sosai, yana nuna cewa da kayan talaka mutumin ya yi suna. Sannan ku duba ko shi kaɗai aka zana. Mamman Shata da makaɗan kalangu da 'yan amshi yake waƙa, Ɗan Maraya kuwa shi ke kaɗa wa kansa. Kaɗaicin yana iya tuna mana maraicinsa, tunda yana ƙarami ya rasa iyayensa.

Sai fuska da launi. Idon da ya kalli ƙasa kan nuna tunani, wanda ya kalli mutane kan nuna mai gargaɗi. Launi mai duhu kan sa zuciya ta yi nauyi.

Kada ku ce hoto na nuna baƙin ciki ba tare da hujja ba. Ku nuna layin ko launin da ya sa kuka faɗi haka.

Aikin mako: ku zana mawaƙin da kuke so da alama ɗaya tak, ku kai wa malamin zane.