Kashi na Biyu da Ma'auninsa: Dragon Age II a Idon Mai Karatu daga Ƙasar Anka

Tambayar da ke biyo bayan kowane kashi na biyu tsohuwa ce a adabin Hausa: ya kai na farko, ko bai kai ba? Masu karanta littattafan soyayya na Kano sun sha yin ta, haka ma masu kallon finafinan Kannywood, kuma amsar ba ta cika wuce "na farko ya fi" ba. Abin da ba a faye tsayawa a tantance ba shi ne ma'aunin da aka auna da shi. Wasannin kwamfuta na almara, waɗanda mai wasa ke shiga rigar tauraron labari yana zaɓa masa magana da mataki, sun gaji wannan tambaya, kuma kaɗan ne aka yi jayayya a kansu kamar Dragon Age II. Ra'ayin da ake karewa a nan shi ne, wasan ya gaza na farko ta fuskar ƙira, amma ya fi shi ta fuskar zubi da jigo. Mai karatun da ya san Magana Jari Ce, ya kuma san abin da ya faru a Bagega, yana da kayan aikin gane haka.

Kamfanin BioWare na ƙasar Kanada ya fitar da Dragon Age: Origins a watan Nuwamba 2009. Labarinsa na jarumta ne irin wanda aka saba: rundunar dodanni ta ɓullo daga ƙarƙashin ƙasa za ta cinye daular Ferelden, sai tauraro ya zaga ƙasar yana haɗa kan ƙabilun da ba sa ga-maciji, har ya kashe uban dodannin. Mai wasa yana da asali iri shida da zai fara da ɗaya daga cikinsu, daga ɗan sarauta zuwa talakan wada marar gata, kuma zaɓinsa ne ke tabbatar da wanda zai hau gadon mulki a ƙarshe. Faɗin ƙasa da yalwar zaɓi su ne ƙarfin wasan.

Na biyun ya fito a watan Maris 2011, wata goma sha shida kacal bayan na farko, kuma alamun gaggawa sun bayyana a jikinsa. Taswirar kogo ɗaya ake maimaitawa a wurare daban-daban, a toshe wannan ƙofa a buɗe waccan, a ce sabon wuri ne. Abokan gaba na faɗowa rukuni bayan rukuni ba tare da an san inda suka fito ba, abin da ya rage darajar dabarar yaƙi. An rage asali shida zuwa mutum guda mai suna Hawke, an kuma tsare labarin a birni ɗaya, Kirkwall, da kewayensa. A shafin Metacritic, wanda ke tara makin masu sharhi, na farko ya sami 91 a kwamfuta, na biyu 82. Duk waɗannan ƙorafe-ƙorafe suna da tushe, kuma wanda ya musanta su bai yi wa nazari adalci ba.

To sai dai faɗi ba shi kaɗai ne ma'auni ba, kuma Abubakar Imam ya nuna haka tun a ƙarshen shekarun 1930. A littafi na farko na Magana Jari Ce, aku yana ba da labarai ne don ya hana Musa ɗan Sarki Abdurrahman fita ya faɗa tarkon Waziri. Kowane labari jinkiri ne da ke ceton rai. Da Imam ya zo littafi na biyu, wannan haɗari ya riga ya kau, bai kuma ƙirƙiro wani makirci irin na farko ba. Ya mayar da zancen gasa tsakanin Waziri Aku da Haziƙ, akun Sarkin Sirika, inda ingancin labarin kansa ya zama abin da ake jayayya a kai. A na uku kuwa Waziri Aku na koyar da ɗansa Fasih. Wato kowane littafi ya samo wa kansa sabon dalilin ba da labari. Ma'aunin da za a ɗauko daga nan shi ne: shin kashi na biyu ya zo da dalilinsa, ko kuwa ya jingina ne da sunan na farko?

Idan aka ɗora Dragon Age II a kan wannan ma'auni, hukuncin zai sauya. Da farko, labarin yana da mai ba da shi a cikinsa. Wani wada mai suna Varric ne ke zaune a gaban Cassandra, wadda ta tsare shi tana yi masa tambayoyi, yana ba ta tarihin Hawke. A buɗewar wasan sai ya zuzuta jarumtar abokinsa, ta katse shi ta ce ƙarya yake yi, ya koma ya faro daga gaskiya. Manazarcin da ya saba da labari cikin labari a Magana Jari Ce, ko da cika-bakin Alhaji Imam a Ruwan Bagaja, ya san abin da wannan zubi ke haifarwa: mai sauraro yana auna labarin, yana kuma auna mai ba da shi. Wasan farko bai da wannan hawa na biyu.

Na biyu, jigon ya sauya daga ceton duniya zuwa neman abin rufin asiri. Hawke ɗan gudun hijira ne da yaƙin wasan farko ya kora daga garinsu. Ya isa ƙofar Kirkwall an hana shi shiga, sai da ya jinginar da kansa shekara guda yana yi wa masu fasa-ƙwauri ko sojojin haya aiki. 'Yan ƙasarsu da suka biyo hanya ɗaya sun ƙare a unguwannin talakawa, wasunsu kuma a wata mahaƙa mai haɗari a bayan gari. Hanyar da ta fitar da Hawke daga talauci ita ce shiga ayarin masu neman dukiya a ƙarƙashin ƙasa. Sun samo dukiyar, tare da wani gunki na jan ma'adini da ake kira liriyam. Gunkin ya haukata Bartrand, jagoran ayarin, sannan ya faɗa hannun Meredith, shugabar dakarun da ke tsare masu sihiri, ya ƙara mata zargi da tsanani har birnin ya kama da wuta.

A nan ne mai karatu daga yammacin Zamfara zai tsaya. A watan Maris 2010, tsakanin fitowar wasannin biyu, ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka lura da mace-macen ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Farashin zinare ya tashi a kasuwar duniya, manoma sun koma haƙa, duwatsun da suke kawowa gida kuwa cike suke da dalma. Ana niƙa su a injin niƙa, ana shanya garin a tsakar gida, ƙura na sauka inda yara ke rarrafe. Yara kimanin 400 suka rasu. An share gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, amma Bagega ta jira har 2013, bayan gangamin #SaveBagega ya matsa wa gwamnatin tarayya ta saki kuɗi. Jiran na da tsada, domin maganin fitar da dalma daga jini ba ya amfani idan yaro zai koma wasa a ƙasar da ta gurɓata shi.

Ba a cewa mawallafan wasan sun yi nufin Zamfara, kuma mutuwar yaran Bagega ta fi ƙarfin a mayar da ita misalin nishaɗi. Abin lura kawai shi ne, a cikin wasannin biyu, na biyun ne ya kama irin sarƙaƙiyar da mutanen yankin suka sani: abin da ya ciyar da gida shi ne ya cutar da shi, kuma babu dodo guda da za a kashe a huta. Hana haƙar ma'adinai da gwamnatin tarayya ta yi a jihar daga 2019 zuwa 2024 bai kawar da talaucin da ke tura mutane rami ba.

Akwai suka guda da ta fi sauran nauyi. Ko Hawke ya goyi bayan masu sihiri ko masu tsaronsu, Anders zai tarwatsa ɗakin ibadar birnin, kuma dole a yaƙi shugabannin ɓangarorin biyu. Masu suka na cewa wasan da ya yi alkawarin zaɓi ya saɓa alkawari. Rabin wannan suka gaskiya ne: yaƙin da ake yi da Orsino, shugaban masu sihiri, ko da an goyi bayansa, rauni ne a rubutu. Amma sauran rabin ya dace da jigon. Labarin mutum ne mai iko a kan gidansa da abokansa, wanda ba shi da iko a kan hukumomin da ke kai birnin ga halaka, kuma zaɓin mai wasa na aiki daidai a wannan iyaka: wa ya tsaya tare da shi, wa ya juya masa baya.

Darasin ga sassan nazarin Hausa a fili yake. Jigo da zubi da salo da taurari, waɗanda ake feɗe ƙagaggen labari da su a Kano da Sakkwato da Zariya, sun isa su feɗe irin waɗannan wasanni, idan aka ƙara musu bincike a kan rawar da zaɓin mai wasa ke takawa. Haka kuma littattafai masu kashi-kashi da finafinai masu dogon zango na buƙatar ma'aunin da ya wuce "na farko ya fi". Dragon Age II bai kai wanda ya gada ba wajen faɗi da tsaftar aiki, amma ya zo da dalilinsa na ba da labari, kuma wannan shi ne sharaɗin da Imam ya cika har sau biyu.