Maganin Gargajiya Na Sin Da Tsufan Maza: A Auna Kafin A Sha

Tun daga ranar 1 ga watan Janairu na 2025 Gwamnatin ƙasar Sin ta fara ɗaga shekarun da maza ke barin aiki su karɓi fensho, daga 60 zuwa 63, a hankali a hankali cikin shekara 15. Dalili kuwa a fili ya ke. A ƙarshen 2024 mutanen da su ka kai shekara 60 ko su ka haura a wannan ƙasa sun zarce miliyan 310, watau wajen 22 cikin kowane 100. Ƙasar da ta ke son dattawanta su daɗe a bakin aiki tilas ta nema musu lafiya, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ta jingina da su shi ne maganinta na gargajiya. Ta yi masa doka ta musamman wadda ta fara aiki ran 1 ga Yuli 2017. To, tun da ya ke ƙwayoyi da garin magani masu ɗauke da rubutun Sinanci sun iso kasuwanninmu da sunan maganin ƙarfin maza, ya kamata mu san inda zancen ya samo asali, mu kuma san iyakar gaskiyarsa.

Masanan Sin na dā ba su jahilci tsufa ba. Akwai wani littafi nasu mai suna Huangdi Neijing, wanda ya haura shekara 2,000, ya kasa rayuwar namiji shekara takwas takwas. A lissafinsa yaro ya kan balaga a 16, ƙarfi ya fara ja da baya a 40, furfura ta bayyana a 48, haƙora da gashi su zube a 64. Su ka jingina wannan duka ga abin da su ke kira ƙoda. Amma a lura, ƙodar da su ke nufi ta wuce tsokar nan da likita ke dubawa a asibiti. A wurinsu rumbu ce da a ke ajiye ƙarfin haihuwa da na rayuwa. Saboda haka su ka haɗa magunguna na cika wannan rumbu, da saiwar ginsen, da ɗanyen ƙahon wata irin barewa, da wani ganye da su ke kira yinyanghuo.

Likitocin zamani sun yarda da rabin maganar. Sinadarin nan na jikin namiji da a ke kira testosteron ya kan ragu da misalin kashi ɗaya cikin 100 a kowace shekara bayan mutum ya ba 30 ko 40 baya. Sai dai raguwa daban, cuta daban. A 2010 aka bayyana sakamakon wani babban bincike da aka yi a Turai kan maza 3,369 masu shekara 40 zuwa 79, aka tarar kimanin biyu kaɗai cikin 100 ne ke da ainihin ciwon ƙarancin sinadarin. Ashe ke nan yawancin masu kukan kasala da rauni a sha'anin iyali wani abu ne dabam ke damunsu: ƙiba, ko ciwon sukari, ko hawan jini, ko taba, ko rashin barci, ko damuwar zuciya. Har ma likitoci sun tabbatar raunin mazakuta ya kan zama ɗan aike na farko da ciwon zuciya ke turowa. Wanda ya rufe bakin ɗan aiken da ƙwaya bai kori mai aikowa ba.

Shin magungunan kuwa suna aiki? A 2021 ƙungiyar Cochrane, wadda sana'arta ita ce tattara gwaje-gwajen likitoci ta tace su, ta duba na ginsen, ta ce amfaninsa ga raunin maza kaɗan ne ainun in an gwada shi da maganin bogi. Ganyen yinyanghuo kuwa yana da sinadari mai aiki irin na Viagra, amma mai rauni ƙwarai, kuma yawancin shaidarsa daga ɗakin gwaji da dabbobi ta fito. Gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa babi na ciwace-ciwacen da maganin gargajiya ya ke ambata a cikin kundinta na cututtuka a 2019, amma ita da kanta ta ce don ƙidaya ne, ba shaidar cewa magani na warkarwa ba.

Ga kuma haɗari. Saiwar heshouwu, wadda a ke sha don hana furfura, hukumar magunguna ta Sin ta yi gargaɗi a 2014 cewa tana iya lahanta hanta. A 2008 aka kwantar da mutum 150 a asibitocin Singafo, sukarin jininsu ya faɗi warwas, huɗu su ka rasu, bayan sun sha maganin ƙarfin maza da aka gauraya da maganin ciwon sukari. Sau da yawa kuma hukumomi na samun sinadarin Viagra ɓoye a cikin abin da aka rubuta wa ganye zalla, alhali yana iya kashe mai shan wasu magungunan ciwon zuciya. Wannan shi ne garin neman ƙiba a samo rama.

Kada mai karatu ya zaci muna rena gadon Sinawa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ke ceton 'ya'yanmu yau daga can ya fito. Malama Tu Youyou ta tsinci hasken aikinta a littafin Ge Hong na ƙarni na huɗu, ta tace wani ganye dangin tazargade a farkon shekarun 1970, aka gwada, aka ga ya yi, har ta sami lambar Nobel a 2015. Gwaji ne ya ɗaukaka wannan ganye, kuma ma'aunin nan shi ya kamata a ɗora wa maganin tsufan maza.

Shawararmu ga magidanta ita ce, kunya kada ta hana zuwa asibiti. A auna jini, da sukari, da sinadarin kansa, da sassafe kamar yadda likitoci ke so. Wanda ke shan na gargajiya ya gaya wa likitansa. A duba lambar NAFDAC, a kuma sani jera maganin gargajiya da ta ke yi ba shaidar warkarwa ba ne. Hukuma kuwa ta matsa wa masu talla a tashoshin mota da gidajen rediyo. Tsufa dai riga ce da kowa ke roƙon Allah ya sa ya kai ga sawa. Abin da ya rage gare mu shi ne mu sa ta da lafiya.