Lambun Gida: Furen Anemon Da Lafiyar Yara

Uwargida, idan aka yi miki tsarabar saiwar furen anemon, ki sani asalinta ƙasashen bakin Bahar Rum ne. Can ana dasa ta a Oktoba, ta yi fure wajen Maris. Sanyi take so. Zafin Legas ba zai bar ta ba, gara a gwada a Jos da hunturu.

Ki jiƙa saiwar awa 4, ki binne ta zurfin santimita 5 a tukunya mai huji, domin idan ruwa ya kwanta ruɓewa take yi.

Amma a kula: ruwan jikinta yana sa ƙaiƙayi, cin ta kuma yana ɓata ciki. Ki ajiye ta inda hannun yara ba zai kai ba.

Sai mako mai zuwa.